Na Gyara wa Fijo Fuska

Kukar Ɗan Iya,
ta Ɗambatta.
Watan Cika-ciki, 1996.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan garinmu da kuke kwana ɗaki ɗaya a Agege. Yaya baƙunta, yaya gajiya, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Yaya Yuguda da matarsa Safiyatu suna gaisuwa. Maijidda ta fara tafiya da bango, kuma duk abin da ta kama sai baki.

Ɗanliti mai motar shanu ya kawo saƙonka, sabulu da atamfa. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma takarda babu. Na zazzage ledar, na warware atamfar ninki bayan ninki, ban ga komai ba. Ya ce wai ka ce a gaishe ni. To, na amsa. Sai dai ka tuna ba don ado na yi firamare ba, kuma duk gidan nan ni kaɗai ce mai karanta boko, in ka rubuta ba wanda zai ji sai ni.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar motarka Fijo. Tana nan inda ka bar ta, a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, a kan duwatsu, ta juya fuska ga titi. Ranar da za ka tafi ka ce mini tayoyi huɗu kawai za ka nemo, tunda kuɗinsu a nan ya gagari mai ɗaukar fasinjan ƙauye, da ka haɗa su za ka dawo ka ci gaba da jigilarka ta Ɗambatta zuwa Kano. Ka ce muddin tana tsaye a wurin nan, kai ma kana hanya. Ban manta ba, kuma ba na so ka manta. Na ga mazan garin nan da suka tafi Ikko ba su bar komai a baya ba sai mata. Na ga yadda zuwansu ya koma daga Salla sai Salla, daga nan ya koma saƙo a hannun Ɗanliti.

Yaya Yuguda ya fara magana. Ba a gabana ba, ka san ko ido ba ma haɗawa, amma dangar kara ce tsakaninmu. Na ji yana gaya wa Inna cewa motar gado ce, ta ku biyu ce, ga rumbu ya yi ƙasa, ga taki ya gagara, ita kuwa tana zaune ta zama akurki. Inna ta tuna masa alkawarin da ya yi maka. Ya ce yana kan bakansa, ba zai kai ta kasuwa ba, ba zai nemo dillali ba, sai fa in kai da kanka ka aiko a sayar. Amma muryar da ya faɗi haka da ita ba ta kwantar mini da hankali ba.

Abin haushin, maganar akurkin gaskiya ce. Ragar nan ta gaba da ke tsakanin fitilu, wadda kake ce wa giril, ka san ta fashe tun ranar da rago ya faɗo maka a hanyar Kano. To giɓin ya ƙaru. Kazar Safiyatu ta samu ƙofa, ta shige ta yi ƙwai a gaban inji, har ta fara kwanci. Rana ta cinye baƙin robar ya koma toka-toka. Ɗan zakin tambarin motar da ke tsakiya kuma yara sun ɓalle shi, ban san gidan da ya shiga ba. Duk wanda ya wuce ya kalle ta zai ɗauka mai ita ya yafe ta, kuma kullum Yaya ya fito daga masallaci da ita yake fara yin ido biyu.

Saboda haka ranar Juma'ar da ta wuce, da maza suka tafi masallacin Ɗambatta gari ya zama namu, na yafa mayafi na fita. Ban nemi izininka ba, ka yafe mini, ban wuce inuwar darbejiya ba. Safiyatu ta tsaya a bakin zaure tana duba mini hanya. Na kori kazar, ta caccake mini hannu son ranta, na kwashe ƙwan na mayar mata cikin kwando. Sannan na kwance ragar da tsinin wuƙar yanka kuɓewa, don akwatin kayan aikinka ka kulle ka tafi da makullin. Ƙusoshin masu murɗi ne, waɗansu sun yi tsatsa sai da na ɗiga musu man gyaɗa. Yanzu haka ragar tana ɗakina a bayan gado, gurbinta kuma na toshe shi da tsohon buhu.

Ban san abin da zan yi mata ba tukuna, na dai san ba zan naɗe hannu ina kallo ba. Bayan ambulan ban rubuta suna ba, hannuna ba zai iya ba, Ɗanliti ya san mai ita. Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce matarka,
Huseina.


Watan Safar.

Maigida,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ruwan Ikko da ake cewa ba ya ɗaukewa bai sa maka mura ba. Yaya aiki, yaya haƙuri da mutane? Nan an yi shuka, gero ya fito, maza suna gona tun safe. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Maijidda ta saki bango.

Ɗanliti ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta ka yi dariya ka sa a aljihu. Dariyar me? Ni ban rubuta abin dariya ba. Ko da yake da ka ga abin da na fara yi wa ragar nan, wannan kam in ka yi dariya na yafe. Baƙin gindin tukunya na kankaro, na kwaɓa da man gyaɗa na shafe ta. Ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, har na kira Safiyatu ta zo ta gani. Kafin la'asar tururuwa sun yi mata taro, Maijidda kuma ta dafa ta, ta shafe fuska da riga. Inna ta ce man da ba mu samu na miya ba shi nake ciyar da roba. Ba ta yi ƙarya ba, don tafasa muke kwaɗawa yanzu da ɗan ƙuli, shi ma ba kullum ba. Na wanke da toka na sake sabon lale.

Inda ta tsage na ɗinke ta yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Na sa ƙusa a garwashi ta yi ja, na huhhuda gefe da gefen tsagar, na zura siririyar waya na ɗaure ta baya inda ido ba ya kaiwa. Warin robar ya sa ni ciwon kai yini guda. Giɓin kuwa, inda haƙoran suka zube gaba ɗaya, nan na daɗe ina juyayi. Na so in liƙe shi da gwangwani, sai na tuna ka taɓa cewa ta nan mota ke shan iska, in aka toshe inji zafi zai yi. Ka ga ashe ina jin ka in kana surutun mota, ko da kake cewa barci nake. Sai na ɓalle wayar rariyata ta tankaɗe na shimfiɗa ta a bayan giɓin. Iska za ta shiga, kaza da ɓera ba za su shiga ba. Yanzu aron rariya nake wajen Safiyatu, tana ba ni tana mita.

Fenti kuma Inna ce ta karɓo mini wajen mai gyaran keke na bakin titi, ragowar ƙasan gwangwani, baƙi, a bakin ƙwan zabi. Buroshi babu, gashin kaza na ɗaure a tsinke. Na shafa, ya bushe, na ƙara shafawa, na shanya a ɗaki don kada ruwa ya taɓa. Farin ƙarfen da ya zagaye ta na goge da toka da lemon tsami yadda nake yi wa tasoshina, sai ga shi ashe da ransa. Na ƙasan ne rabinsa ya ɓace. Kada ka yi faɗa. Tiren silbar nan na kayan ɗakina, wanda Gwaggo ta ba ni, shi na yanka na fitar da siririn yanki na lanƙwasa a gurbin. Almakashin ya dakushe, yatsuna sun sha yanka. Tiren dama baƙi ake fito wa da shi, kuma tun da ka tafi wa ke zuwa?

Ba na iya zama, Maigida. In na ɗauki saƙar faifai sai in ajiye, in na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a bakin zaure ban san me na je yi ba. Duk motar da ta rage gudu a titi sai gabana ya faɗi, alhali na san ba yanzu ba ne. Motocin ma sun yi ƙaranci, an ce a Kano kwana ake a layin mai, 'yan bumburutu ne kawai ke walwala. Inna ta ce na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Aikin ragar nan shi kaɗai ke zaunar da ni wuri ɗaya, shi ya sa nake jan sa, ina tsoron ranar da zai ƙare.

Jiya Maijidda ta kama ƙafar Yaya ta ce masa Baba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki. Na san ai babanta ne. Na dai so a ce da kai ta fara.

Tayoyin nawa ka samu? Ko ɗaya ne ka faɗa mini, ko babu ma ka faɗa mini, ka dai rubuta. Allah ya ba da sa'a, ya kare ka daga sharrin gari.

Taka,
Huseina.


Farkon watan Takutaha.

Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jiki da ƙarfi, da fatan bayan nan ya bar ka ka yi barci. Mu duka lafiya. Gero ya kai ƙugu, gyaɗa ta rufe ƙasa, Allah ya kai mu kaka.

Alhamdu lillahi, tayoyi biyu sun iso, suna warin shanu. Na hana a bar su a zaure. Suna ɗakina a jingine da bango, na rufe su da zane, Maijidda ta mai da ɗaya wurin zamanta. Takardarka kuma ta zo. Gajeruwa ce, kai dama ko a baki ba ka da yawan magana sai in ta mota ce, amma na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce sauran biyun zuwa kaka, ka ce in ci gaba da kula maka da Fijo. Abin da ka rubuta a ƙasa kuwa ba zan maimaita ba, na dai ji, kuma ni ma haka. Na karanta wa Inna wurin gaisuwarta, sauran na riƙe. Yaya ya aiko Safiyatu ta tambaya ko akwai saƙo a kan mota. Na ce akwai, amma tsakanina da kai ne. Safiyatu ta yi ta tsokanata har da rawa.

Ragar ta koma gurbinta ranar Juma'a. Ƙusa ɗaya ta ƙi shiga, na ɗaure wurin da waya, in ka zo ka gyara. Saura maganar zaki. Na zana shi a kan ragowar tiren na yanka, ina ta ƙoƙarin tuna yadda yake ɗaga hannu. Da na gama na nuna wa Safiyatu, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta tambaye ni ko akuya ce ke neman ganye. Na jefa shi bayan gado. Sai na ciro ɗan madubin da ke murfin hodata, zagayayye, na kafa shi a tsakiya inda zakin yake, na kewaye shi da waya. Wallahi ya zauna kamar dama don nan aka yi shi. In rana ta fito ta bugi madubin nan, Safiyatu ta ce tun daga kwanar titi ake hango walƙiyarsa.

Da na ja baya na kalle ta sai na ga fitilu da bamba sun zama abin kunya kusa da ragar, sai na wanke su su ma. Daga nan na wanke gilashi, daga nan ƙofofi, ban ankara ba na wanke mota gaba ɗaya, har muka ji muryar maza suna dawowa muka ruga gida. Galan ɗin nan na man inji da ka bari shi nake cikawa da ruwa. In na ajiye shi a ƙasa awaki su ture, yara su ɗauka, sai na ɗora shi a kan rufin motar inda ba mai kaiwa. Can ya zama wurin zamansa. Duk Juma'a zan sauke shi in goge mata taɓon da ruwa ya fallatsa, in mayar.

Ka zo ka ga yadda matarka ta ja wa motarka daraja. Ranar kasuwa motoci sun yi ta rage gudu a ƙofar gidanmu, wani har ya tsaya, ya fito, ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Yaya bai ƙara cewa akurki ba. Safiyatu ta rantse mini ta gan shi yana goge madubin da hannun rigarsa. In ka dawo ni ce zan fara shiga, a gidan gaba, kuma ba zan biya ba.

Yanzu aikin ya ƙare, na koma zirga-zirga tsakanin ɗaki da zaure. Amma zirga-zirgar yanzu da daɗinta, tunda na san lokaci. Allah ya nuna mana kaka lafiya. Inna ta sa maka albarka.

Matarka,
Huseina.


Ƙarshen watan Takutaha.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna lafiya, Maijidda lafiya, kowa lafiya, ba mutuwa aka yi ba. Na fara da wannan don kada hankalinka ya tashi. In kana tsaye ka samu wuri ka zauna.

An sayar da Fijo, kuma ni na jawo.

Ranar kasuwa ce da hantsi, ina daka, na ji sallamar baƙi a ƙofar gida. Wani Alhaji Abdulƙadir ne, dillalin motoci daga Kano, zai wuce Kazaure, madubin nan ya haske masa ido ya waiwaya. Abin da ban sani ba, kai ka sani, an ce duk direba ya sani. Wai in aka ajiye mota a bakin titi aka ɗora mata galan a kan rufi, to an sa ta a kasuwa ke nan, alamar masu sayarwa ce. Ni ina zan sani? Ban taɓa wuce Ɗambatta ba sai ranar da ka kai ni asibiti Kano, ina kwance a kujerar baya. Yaya ma bai sani ba, shi dai gona ya sani. Ashe duk masu rage gudun nan da nake yi maka alfahari da su masu taya ne.

Yaya ya ce masa ba ta sayarwa ba ce. Alhajin ya nuna masa galan, ya nuna masa sabuwar fuska, ya ce ya shiga gida ya bincika, lalle akwai wanda ya sa ta a kasuwa. Yaya ya shigo ya tsaya bayan danga, ya aiko Safiyatu ta tambaye ni wa ya ɗora galan. Na ce ni. Ta koma ta dawo, wai bayan zuwan takardarka na ɗora? Na ce e. Ta sake dawowa, wai abin da nake yi wa motar da saninka ne, shi ne saƙon da na ce tsakanina da kai ne? Na ɗauka gyaran yake nufi, na ɗauka ma faɗan fita zai yi mini, sai na yi saurin cewa da saninka, kai ka ce. Ban tambayi dalili ba, wa ke tambayar yayan miji dalili? Shi kuwa sai ya ɗauka ka gaji ne ka haƙura, kunya ta hana ka gaya masa bayan ka sa shi alkawari, sai ka biyo ta wajen matarka.

Na koma dakana. Na ji an kira Liman da Mai Unguwa, na ji an daɗe ana magana, na ji an shafa fatiha. Har na ce wa Inna ko wani ne ya zo neman aure. Sai da baƙin suka tafi Safiyatu ta shigo tana yi mini murna, wai gyarana ya sa motar ta yi kuɗi.

Ban san sanda na yar da taɓarya ba. Na ɗauko takardarka na durƙusa a gaban Inna, na ce a kira Yaya. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, na karanta musu ita tun daga sama har ƙasa, har da wurin da ka rubuta don ni kaɗai, don kada a ce na ɓoye wani abu. Inna ta sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya zauna a kan wani turmi ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta.

Kada ka ga laifinsa. Washegari da Alhajin ya dawo da bakanike da tsofaffin tayoyi, Yaya ya tare shi ya roƙe shi a warware, har da roƙon Liman ya sa baki. Liman ya ce ciniki ya ƙullu a gaban shaidu, sai in mai saye ya ga dama. Alhajin bai yi rashin mutunci ba, ya dai ce ya riga ya yi wa wani alkawarinta tun jiya. Har yana tambayar wane mai gyara ne ya yi mata fuskar nan, yana da aikin da zai ba shi. 

Ta tsagar ƙyauren zaure na kalla. Suka sauke ta daga kan duwatsu, suka ɗaura mata igiya a jikin tasu motar, suka ja ta suka hau titi. Galan ɗin sun sauke shi sun ajiye a gindin darbejiya.

Da rabonsa na kuɗin Yaya ya auno hatsi ya zuba a rumbu, rabonka kuma yana wurin Inna ba a taɓa ba. Ina cin tuwon don Maijidda tana shan nono, amma da ƙyar yake wucewa. Tayoyinka suna nan a ɗaki. Na yi tunanin in yi shiru har ka iso da sauran biyun, in ya so ka gani da idonka, ai dai ka zo. Na kasa. Ba na so in dawo da kai da ƙarya.

Ka ce muddin tana tsaye kana hanya. Ga shi ba ta nan. Ina roƙonka ka zo duk da haka, ko dako ne ka yi a kasuwar Ɗambatta, ko motar wani ka ja. Ka yafe mini.

Ni ce,
Huseina.


Lokacin kaka.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. An yanke gero, ana cirar gyaɗa. Inna da Maijidda suna lafiya.

Amsarka ta zo. Tun da na aika waccan takardar nake shirin faɗanka. Na tsara abin da za ka ce, na tsara yadda zan yi shiru in ɗauka, har na gaya wa Inna kada ta shiga tsakani. Duk ranar da motar shanu ta tsaya sai in gyara ɗaki, don na ce wannan ba maganar takarda ba ce, da ƙafarka za ka zo.

Sai ga shi ka rubuta wai ba komai, ƙaddara ce, kada in sa damuwa a raina. Wai ma abin ya zo daidai, don maigidan da kake yi wa aiki ya ba ka bas kana ja, aikin kullum, yanzu babu gaggawa. Wai in sa a sayar da tayoyin in yi ɗinkin Salla, ni da Maijidda. Za ka zo in hali ya yi.

Na karanta wa Inna, ta ce Allah ya yi maka albarka, ba kowane namiji ke da irin haƙurin nan ba. Yaya ya yi ajiyar zuciya. Safiyatu ta ce na yi sa'ar miji. Kowa ya samu sauƙi a gidan nan sai ni. Na san maganar nan ta in hali ya yi, na ji an karanta wa matan garin nan irinta, wasu ma ni na karanta musu.

Tayoyin ba zan sayar ba, kuma ba na son ɗinki. Motar da ka yi shekaru kana ja, motar mahaifinka, na ɗora mata galan aka tafi da ita, kai kuma ka ce ba komai? Da komai, Maigida. Ka yi fushi, don Allah. Ka hau motar Ɗanliti ka zo ka yi mini faɗa a tsakar gida, maƙwabta su ji, Inna ta ba ka haƙuri ka ƙi. Ko yini ɗaya ne ka zo ka yi, zan tsaya in saurara har ka gama.

Allah ya kiyaye hanya.

Matarka,
Huseina.